Tambayi Likita: Ba kowane jini a bayan gida ba ne basir

Assalamu alaikum jama'ar Zango, na Kumasi da kewaye. Saƙonnin da suka fi yawa a wannan watan duk kan hanji ne, musamman gwajin nan da ake kira kolonoskofi, wato saka kyamara ta dubura a duba babban hanji. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, kuma zan kira abubuwa da sunansu, dubura, kashi, tusa, don haka a yi min uzuri, maganar lafiya ba ta son kewaye-kewaye.

TAMBAYA: Salam Dakta. Ni direban tirotiro ne, wato ƙaramar motar haya, layin Kejetia zuwa Tafo, shekarata 52. Ɗana da ke Jamus ya matsa min a waya wai sai na je an saka min kyamara ta ƙasa an duba hanjina, wai can haka ake wa duk namijin da ya kai shekaruna. Ni kuwa lafiyata ƙalau, ina cin tuwona ina bayan gida ba matsala. Wannan ba tonon ciwo ba ne? (Direba, Aboabo)

AMSA: Wa alaikumus salam Baba direba, Allah ya yi wa yaron nan albarka, gaskiya ya faɗa maka. A Jamus tun 2002 suke wannan gwajin wa mutanen da ba su da ciwon komai, kuma namiji daga shekara 50 ake kiransa. A Amurka da 50 ne, amma a 2021 hukumar da ke ba su shawara kan rigakafi ta sauko da shi zuwa 45 saboda sun ga kansar hanji tana ƙara kama masu ƙananan shekaru.

Toh me ya sa mai lafiya? Ka saurara da kyau don nan ne zancen yake. Babban hanji tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi ne, daga gefen dama na mara ya hau sama ya gitta ya sauko ta hagu ya ƙare a dubura. Yawancin kansar wannan hanji ba rana ɗaya take faɗowa ba, tana farawa ne da ɗan tsiro a jikin bangon hanjin daga ciki, ɗan ƙaramin nama wanda ba ya ciwo, ba ya hana cin abinci, sau da yawa ko jini ba ya fitarwa. Wannan tsiron ba kansa ba ne tukuna, kuma da yawansu ba za su taɓa zama kansa ba har mutum ya koma ga Allah, amma wasu a hankali suke rikiɗa, abin kan ɗauki kamar shekara 10 ko fiye. Duk tsawon shekarun nan mutum yana jan motarsa yana zuwa masallaci yana cewa lafiyata ƙalau, kuma ba ƙarya ya yi ba, ƙalau ɗin yake ji.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan gwajin fiye da sauran gwaje-gwajen kansa shi ne, ba gani kawai yake ba. In likita ya hango tsiron, a take zai zura ɗan siririn waya ta cikin bututun ya zarge shi ya yanke, ba sai an tsaga ciki ba, ba kuma za ka ji yankan ba don fatar cikin hanji ba ta jin yanka irin yadda fatar waje take ji. A kai naman lab a duba. Ka ga kenan an cire abin tun bai zama cuta ba. A ƙasashen da ake yawan yin gwajin ana samun irin wannan tsiro a aƙalla mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka haura 50, duk kuwa da ƙafarsu suka je ba ciwon komai.

Kuma cutar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ta uku a yawa cikin kansoshi, ta biyu a kisa, a 2020 kaɗai mutum sama da miliyan 1.9 ta kama, ta kashe sama da 930,000. Ita ce ta yi ajalin Pele na Brazil a Disamban 2022. Alƙaluman Amurka sun nuna in an kama ta tana nan cikin hanji ba ta fita ba, kusan 9 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara 5, in kuwa ta riga ta kai hanta ko huhu, ko 2 cikin 10 ba sa kaiwa. Mu a nan Ghana ba mu da tsarin da gwamnati za ta aiko maka takarda ta ce lokacinka ya yi, sai dai kai ka kai kanka, shi ya sa yawancin waɗanda ke zuwa manyan asibitocinmu sai abu ya yi nisa ake ganinsu.

Shawarata, tunda yaron ne ya kawo maganar, ka ce ya turo kuɗin ka je ka yi. In aka duba aka ga hanjin tas, sai bayan shekara 10 kuma.

TAMBAYA: Dakta don Allah ki taimaka ko ka taimaka. Maigidana shekararsa 47, wata bakwai kenan yana ganin jini in ya yi bayan gida, wani lokaci da majina. Ya ce basir ne, kooko, yana ta sayen maganin gargajiya na cikin mota da na rediyo, har bentua yana yi, wato ɗura ruwan magani ta dubura. Yanzu wandunansa duk sun yi masa yawa, ya yi fari, hawa bene kaɗan sai haki. Na ce mu je asibiti ya ce in daina masa fatan tsiya. (Maman yara, Asawase)

AMSA: 'Yar'uwa, saƙonki ne ya sa na ware shafin nan gaba ɗaya wa wannan maganar, kuma ina roƙonki kada makon nan ya ƙare ba ku ga likita ba. Ban ce maigidanki yana da kansa ba, ba mai iya faɗin haka daga saƙon waya. Jini a bayan gida yana da dalilai da yawa, basir na gaske, tsagewar bakin dubura saboda taurin kashi, atuni, tsargiyar hanji ga wanda ya yi mu'amala da ruwan rafi, gyambon hanji. Amma abin da kika lissafa, jini na wata bakwai, majina, rama ba dalili, fari da haki wanda alamar ƙarancin jini ne, in suka haɗu a jikin mutum mai shekara 47 to dole ne a leƙa cikin hanjin. Shi nasa ya wuce gwajin rigakafi irin na Baba direba, nasa binciken ciwo ne, ba a jiran wata shekara ko wani lokaci.

Wannan kalma ta basir tana ci min rai wallahi. A Zango komai basir ne, ciwon baya basir, kasala basir, raunin mazakuta basir, jini basir, kuma kowace tasha akwai mai kwalba da zai rantse maka nasa ne ke tumɓuke shi daga saiwa. Basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura a bakin dubura, iyakarsa kenan, ba ya zama kansa, kuma ba kasafai yake ramar da mutum har wando ya faɗi ba. Matsalar ita ce mutum zai iya samun basir ɗin da gaske kuma a can sama da shi akwai ƙari yana girma, sai a yi ta shan magani wa na ƙofa ana barin na ciki. Wasu magungunan ma na sa zawo ne kawai, mutum ya ga cikinsa ya zube ya ce ai dattin ne ke fita. Bentua da citta da barkono kuwa ƙone fatar hanji suke su ƙara jinin, don Allah ya daina.

Haka maganin ƙarin jini na kwalba da mutane ke saya a kemis. Namiji baligi ko macen da ta daina al'ada ba su da dalilin rasa jini haka kawai, in gwaji ya nuna jininsu ya yi ƙasa saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe to tambayar farko ita ce ta ina yake zuba, ba wane tonik za a sha ba. Ƙarin da ke gefen dama na hanji sau da yawa haka yake, yana ɗigar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani, sai dai mutum ya yi ta fari yana gajiya.

Sauran alamun da ba a wasa da su, ga duk mai karantawa: bayan gida ya canza ya ƙi komawa yadda yake har sama da mako uku, yau zawo gobe taurin ciki, ko kashi ya koma siriri, ko ka gama ka ji kamar da saura, ko ciwon ciki da kumburi da ba sa tafiya, ko ka taɓa wani dunƙule a ciki. In kuwa ciki ya kumbura, ba kashi ba tusa, ga amai, wannan a tafi imajensi ko tsakar dare ne.

Yadda za ki shawo kansa, kin fi ni sanin mijinki. Amma kada ki fara da kalmar kansa, ki ce masa jininsa ya yi ƙasa ku je a auna. In ya ƙi jin taki ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwarku ko amininsa, ki faɗa masa a asirce. Ku fara da asibitin da ke kusa da ku, likita zai auna jini, zai saka safar hannu ya duba duburar da yatsa, kada ya ƙi wannan don ƙari da yawa a nan ƙasa suke inda yatsa ke kaiwa, sannan a ba ku takardar zuwa inda ake kolonoskofi. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee a nan Kumasi, yana da sashen da ake yi, a Akra akwai Korle Bu, akwai kuma asibitocin kuɗi. Kuma ba fatan tsiya kike masa ba, ki cire wannan daga ranki.

TAMBAYA: Dakta gaskiya ni kunya ce matsalata. Dattijo kamar ni da jikoki in kwanta a tura min abu ta baya? Kuma ance akwai zafi sosai, wani ma ya ce yana kashe ƙarfin namiji. Addini ma ya yarda? (Wani Alhaji, Sabon Zango)

AMSA: Alhaji ran ka ya daɗe, kunyarka tana kan hanya, kunya ai daga imani take, kuma na ji daɗi da ka fito ka faɗa don da yawa abin da ke hana su kenan amma sai su ce kuɗi ne. Ba mu kaɗai ba ne ma. A wani babban bincike da aka yi a Poland da Norway da Sweden wanda sakamakonsa ya fito a 2022, cikin waɗanda aka gayyata su zo a yi musu gwajin kashi 42 cikin 100 ne kawai suka je. Waɗanda suka je ɗin an ƙiyasta haɗarin kamuwarsu ya ragu da kusan kashi 31 cikin 100 a shekara 10. Ka ga ba laya ba ce da ke tsare mutum ɗari bisa ɗari, amma ragin ba kaɗan ba ne, kuma wanda ya zauna a gida bai samu komai ba.

Ga yadda abin yake. Za a ba ka riga ta asibiti, ka kwanta ta gefen hagu ka naɗe gwiwa, a lulluɓe ka, wurin da za a yi aiki kawai ake buɗewa. Yawanci ana saka allura a jijiya mai sa gyangyaɗi da rage zafi, wasu barci suke har a gama, wasu suna jin magana sama-sama. Bututun mai laushi ne yana lanƙwasa, kaurinsa bai fi yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinsa, kuma idon likita a kan talabijin yake. Ana hura iska kaɗan don hanjin ya buɗe, wannan ne ke sa ka ji murɗa ko kumburi, bayan an gama za ka yi ta tusa, kada ka riƙe, fitarta ce sauƙinka. Duka-duka minti 30 zuwa awa ɗaya, ka huta kaɗan ka koma gida ranar. Ka tambaya tun kafin ranar ko allurar barcin tana cikin kuɗin da ka biya. Kana da haƙƙin ka ce namiji kake so ya yi maka, Hajiya ma ta ce mace take so, in akwai za a ba ku, in babu ku nemi a bar ma'aikacin jinya jinsinku ya tsaya a ɗakin.

Zancen ƙarfin namiji ba shi da tushe, bututun cikin hanji yake bi, ba ya taɓa abin da ya shafi wannan. Haɗarin gaske da ya kamata ka sani guda biyu ne, zubar jini daga inda aka yanke tsiro, da hujewar hanji, ita hujewar ba ta kai mutum 1 cikin 1,000 a gwajin rigakafi. Shi ya sa ake so ƙwararre ya yi, shi ya sa kuma in ka koma gida ka ji ciwon ciki mai tsanani ko zazzaɓi ko jini da yawa, ka koma asibiti nan take.

Ɓangaren addini kuwa malamai sun daɗe da yin bayani cewa buɗe al'aura ga likita don neman magani ya halatta gwargwadon buƙata, ka samu malamin da ka yarda da shi ka ji daga bakinsa don hankalinka ya kwanta. Abu ɗaya, in na rigakafi ne kada ka sa ranar cikin Ramadan, don shirin wanke ciki kafin gwajin yana buƙatar shan ruwa mai yawa. In kuwa akwai alamun ciwo irin na mijin 'yar'uwarmu ta Asawase, ba a jiran bayan Sallah, marar lafiya Allah ya ba shi rangwame ya rama daga baya.

TAMBAYA: An ba ni ranar kolonoskofi nan da mako uku, an kuma rubuta min wani maganin wanke ciki. Ina da ciwon suga. Me zan ci me zan bari? Kuma gidanmu gidan haya ne, bayi ɗaya muke bi da mutum sun fi ashirin. (Hajiya mai waakye, Akwatia Line)

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, kin yi abin da ya dace. Kowa da ya yi gwajin zai gaya miki shirin ya fi gwajin kansa wahala, amma shi ne rabin aikin. Hanjin da ba a wanke da kyau ba kamar gilashin mota ne da laka ta rufe, direba na kallo amma ba ya ganin hanya, sai a tsallake tsiro ko a ce ki dawo a sake, kuɗi biyu wahala biyu.

Takardar da asibitinki suka ba ki ita ce gaba da maganata, ki bi ta. Amma a dunƙule, kwana biyu zuwa uku kafin ranar ki ajiye abinci mai ƙaiƙayi da 'ya'ya, waakyen naki, wake, ƙosai, gyaɗa, kontomire, ayoyo, kuɓewa, kankana, gwaba. Ki koma farar shinkafa, farin burodi, dafaffen ƙwai, kifi, kaza. Ana gobe gwaji kuma ruwa-ruwa zalla wanda in kin zuba a kofin gilashi kina hango ƙasansa, ruwa, shayi ba madara, romon kaza da aka tace ba tumatir ba manja, ruwan kwakwa ba naman, ruwan gishiri da suga na ORS. Koko ba ya ciki, fura da burkina da Milo ba sa ciki, sobolo kuwa, wato zoɓo, ki nisance shi gaba ɗaya don jansa a cikin hanji kama da jini yake, ya rikita likita.

Maganin wankin ya danganta da irin wanda aka ba ki, wani lita 2 wani har lita 4, ki tuna fiya wata ɗaya rabin lita ce, sai ki auna da ita. Yawanci ana raba shi biyu, rabi da yamma rabi da asubar ranar, kuma wannan rabawar ta fi wanke hanji. Ki sa shi ya yi sanyi, ki sha kofi-kofi, in zuciyarki ta tashi ki ɗan dakata ki ci gaba. Alamar ya yi shi ne abin da ke fita ya koma ruwa garau mai ɗan rawaya. Ki riƙa wankewa da ruwa ki shafa man kaɗanya ko basilin don wurin zai yi zafi.

Ciwon suga kuwa kada ki yanke wa kanki hukunci. Ki koma wurin likitan da ke duba sugarki tun yanzu ki ce ga ranar da aka ba ki, shi zai gaya miki yadda za ki rage allurar insulin ko ƙwayoyin, don shan maganin suga ba abinci yana iya faɗar da mutum. Ki roƙa a sa ki a layin farko da safe, ki riƙa auna sugar, ki ajiye lemo fari mai zaƙi kusa da ke ko da za ki ji jiri da rawar jiki. Masu shan maganin tsinka jini irin warfarin ko clopidogrel, da masu ciwon ƙoda ko zuciya, su ma dole su faɗa tun wuri. Ƙwayar ƙarin jini ana dakatar da ita kamar mako guda kafin gwajin don tana baƙanta hanji.

Maganar bayi, na gode da kika kawo ta, don takardun asibiti ba sa tunawa da yadda muke zaune a gidajen Zango. Daren nan za ki yi ta zirga-zirga ne ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci ba ya ba ki ko minti ɗaya, bin layi ko fita bayin kuɗi cikin dare ba zai yiwu ba. Ki kwana gidan 'yar'uwa ko ɗiyarki mai bayi a ciki, in babu ki tanadi bokiti mai murfi a ɗaki da ruwa wadatacce. Ki tafi da wanda zai rako ki gida, kuma ki ba yara tukunyar waakye ranar da washegari. Baba direba kai ma ka ji, bayan allurar barcin nan ba tuƙi sai an yi awa 24.

TAMBAYA: Ina so in yi amma kuɗin ya fi ƙarfina. Ba wani gwaji mai sauƙi? Na taɓa yin sikanin ciki, kuma wani mai magani ya sa na riƙe wani ƙarfe kwamfuta ta duba jikina duka ta ce hanjina lafiya. (Tela, Alabar)

AMSA: Malam tela akwai. Sunansa FIT, gwajin kashi ne da ke gano jinin da ido ba ya gani, ɗan kaɗan za ka ɗiba da tsinken da ke cikin kwalbar ka mayar lab, ba wankin ciki ba canjin abinci, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na kyamara ba. Shi Ingila ke aika wa mutanenta ta gidan waya duk shekara 2, a Amurka kuma duk shekara ake so a yi. Ka kira sunansa a lab, don gwajin kashi da aka saba yi na tsutsa da atuni daban ne.

Sai dai sharuɗɗa biyu. Ba a yinsa sau ɗaya a ce an gama, maimaitawar ce amfaninsa, don tsiro ba kullum yake jini ba. Na biyu, in ya nuna akwai jini to kolonoskofi ya zama dole, ba a sake wani FIT ɗin don neman wanda zai ce babu. Yawancin waɗanda nasu ya nuna jini ba kansa ake samu ba, amma sai an leƙa ake sani.

Sikanin da ake shafa mai a ciki yana ganin hanta da ƙoda da mahaifa, ba ya ganin tsiron cikin hanji. Na'urar riƙe ƙarfe kuwa ba ta ganin komai, kuɗinka kawai aka karɓa, kuma abin da ya fi ɓata min rai da ita shi ne tana sa mai ciwo ya koma gida da kwanciyar hankalin ƙarya.

In kyamarar ce ta kama, ka tambayi farashi a wuri fiye da ɗaya, na gwamnati ya fi sauƙi ko da layin ya fi tsawo, ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da maganin wanki da allurar barci da cire tsiro da kai nama lab, ka kuma nuna katin inshorar lafiyarka na NHIS a teburinsu su gaya maka abin da ya ɗauka da abin da za ka cika. Mu da muke haɗa kuɗi cikin kwana biyu in an tashi aure ko suna ko addu'ar arba'in, wannan ma ya cancanci a zauna da 'yan'uwa a kai, ko a ɗauki kwasar adashi guda a yi shi.

TAMBAYA: Babanmu ya rasu da kansar hanji, yana da 49 aka gano. Ni yanzu 36 nake, mu shida ne. Gado ne? (Ƙanwarku, Tafo)

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ƙanwata, yawancin masu cutar ba gadonta suka yi ba, amma wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ta, haɗarinsa ya kai kamar ninki biyu na sauran mutane, ya fi haka ma in tana ƙaramin shekaru ta kama shi. Ƙa'idar ita ce ku fara a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta Baba, duk wanda ya riga zuwa. Ku naku 39 kenan, kuma kyamarar za ku yi ba FIT ba, a riƙa maimaitawa duk shekara 5. Yayyenki da suka wuce 39 lokacinsu ya riga ya yi, ki tura musu wannan shafin yau, maza da mata, don ba ta bar mata ba. Ki kuma bincika a dangin Baba ko akwai wasu da suka yi kansar hanji ko ta mahaifa ko ta ƙwan mace, in akwai ki faɗa wa likita, don akwai wani nau'in gado da ake kira Lynch wanda masu shi tun suna 'yan ashirin da wani abu ake fara duba su. Kuma ko yaushe kika ga alama kada ki ce ai ban kai ba, ɗan wasan Amurka Chadwick Boseman shekararsa 43 ta kashe shi a 2020, bayan shekara huɗu yana fama da ita.

TAMBAYA: Wai da gaske cin cincinga, wato tsire, na kawo kansar hanji? (Ɗan makaranta, Ayigya Zango)

AMSA: Tsinke ɗaya biyu lokaci-lokaci ba shi ne matsala ba ɗana. A 2015 hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar cewa naman da aka sarrafa, sosej da naman gwangwani da makamantansu, yana jawo kansar hanji, giram 50 kullum na ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100, jan nama kuma ta ce mai yiwuwa ne, musamman in ana yawan ci. Taba, giya, ƙiba da zaman wuri ɗaya su ma suna ƙarawa. Abincinmu na gida, wake, gero, dawa, miyar kuka da ayoyo, ganye, shi ne abin da hanji ke so, ka riƙe shi ka rage indomi da sosej na dare, ka ci gaba da buga ƙwallonka. Amma ka gaya wa iyayenka cewa cin abinci mai kyau ba ya maye gurbin gwaji in sun kai 45.

Tambayoyin da suka shafi jakar kashi da ake maƙala wa wasu a ciki bayan tiyata, da yadda mai ita zai yi alwala da sallah, sun zo da yawa, na ajiye su sai fitowa ta gaba don suna buƙatar shafi nasu. Maman yara ta Asawase, ki sake rubuto min bayan kun ga likita.